Fatar Farar Karsana

Shekara uku cur Baba Nyakudya yana kan magana ɗaya, ba ƙari ba ragi: Zaki ba zai auri Zaki a gidansa ba.

'Yarsa Maidei jinin zuriyar da ake kira Zaki ce, haka ma Garikai, saurayin da ta kafe a kansa. Ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa ko ƙauye ba. Ita malamar makaranta ce a Mutare, shi kuwa yana can saman duwatsun Nyanga, ma'aikaci a masaukin Baba Chirimuta, aikinsa ya zagaya da baƙi cikin kufan mutanen zamanin da. Amma da Shumba, wato Zaki a harshensu, ake yi wa gidansu kirari, da Shumba ake yi wa nasa, kuma a wurin tsohon wannan kaɗai ya mai da su wa da ƙanwa.

Akwai mafita, kowa ya san da ita. Saurayi ya kawo farar saniya fat, wadda ba ta da ɗigon baƙi ko kamar ƙwayar gero, a yanka a gaban dangi, a ce an yanke zumunci, aure ya halatta. Garikai ya samo karsanar tun ba a yaye ta ba. Maidei ce ta raɗa mata suna Chena, ita ce kuma ta ɗaura mata 'yar ƙararrawa a wuya da shuɗin zare. Abin da ya rage a shawo kan tsoho, wannan kuwa Tete Sekesai, gwaggonta ƙanwar Baba, ta daki ƙirji ta ce a bar mata.

"Ni ce ubanki mace," in ji ta. "Yayana ƙarfe ne, amma ni na san inda yake lanƙwasuwa."

Shi ya sa ranar da Tete ta shigo tana rangaji ta ce kowa ya haɗa kaya, za a tafi masaukin Chirimuta hutun kwana uku, kuma ranar Asabar munyai, manzon neman aure, zai durƙusa gaban Baba, Maidei ta faɗa jikinta tana kukan daɗi. Ba ta tambaya manzon wa ba. Wace ce za ta tambaya? Mutum ɗaya ne nata a kan dutsen nan.

Masaukin kuwa ya yi. Zagayayyun ɗakunan ciyawa a jere a gefen tudu, kowanne da murhunsa, ga lilo da 'yan dawakai na yara, ga tafkin kifi, da safe gajimare ya sauko har bakin ƙofa. Baba da ya taho yana mitar shi bai taɓa jin inda uba ya bar gidansa aka nemi 'yarsa a waje ba, kwana ɗaya ya yi gaban murhu da bargo biyu da soyayyen kifi, sai ga shi yana cewa ai zamani ne ya zo da haka.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Maidei a rai. Tun isowarsu ranar Alhamis ƙeyar Garikai kawai take hangowa, kullum yana gaban wata tawagar baƙi. Mako uku ke nan wayarsa ba ta shiga. Tete ta ce kunyar surukai ce, haka ake so. Wanda ke ta kai-kawo a kansu shi ne Panganai, ɗan mai masaukin, da ƙaton agogonsa da turarensa da ke riga shi isowa. Sau biyu ya taɓa aika mata magana a Mutare, sau biyu ta mayar masa da abarsa. Ta ɗauka ya haƙura.

Da safiyar Asabar ta zagaya bayan ɗakin girki za ta karɓo wa mamarta ruwan zafi.

A nan ta ga fatar.

An shanya ta a ƙasa, an kafe gefunanta da turaku, an barbaɗe da gishiri. Gefe ɗaya ya naɗe, gashin ya bayyana, fari fat. A jikin shinge kuma ga 'yar ƙararrawa a rataye da shuɗin zare.

Butar hannunta ta suɓuce.

Maman Tendai, mai girkin masaukin, ta leƙo tana goge hannu a zaninta.

"A'a, 'yata, lafiya? Ko sanyin namu ne ya kama miki hannu?"

"Mama, fatar wace saniya ce wannan?"

"Karsanar Garikai mana. Kai, yaron nan ɗan halak ne! Shekara uku yana tattalinta, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta, amma ranar Alhamis da kansa ya jawo ta ya ce wa maigida ga tasa gudummawar ta sha'anin Panganai." Ta yi dariya. "Ai ita kuka ci jiya da rana. Ina kallonki ta taga, har ƙari kika nema."

Maidei ta dafa shinge. Ta duƙa, duk abin da ke cikinta sai da ya fito.

"Wayyo, 'yar nan! Ko in kira Tetenki?"

"Yana ina?"

"Wa?"

"Garikai."

"Ya sauka kufai da wasu baƙi tun da farar safiya. Ke, tsaya mana! Da waɗannan takalman za ki bi duwatsu?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

* * *

Tafiyar rabin awa ce zuwa kufan, ita a minti goma sha biyar ta yi ta. Ta wuce ta tsakanin katangun dutsen da mutanen zamanin da suka jera a jikin tudu hawa-hawa, ciyawa na yankan ƙaurinta ba ta ji. Can ta hango shi tsaye a bakin wani zagayayyen rami da aka gina da dutse, wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu sun kewaye shi.

"A nan suke kwantar da 'yan shanunsu," yake cewa. "Ba ƙofa sai wannan siririyar hanyar ta ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ta ƙarƙashin ɗakin maigida ta bi. Ɓarawo bai isa ya taɓa saniya ba tare da mai ita ya ji ba."

Ya ɗago ya gan ta.

Ya lallaɓa baƙin ya nuna musu hanyar da za su hau su ɗauki hoto, ya ce yana tafe. Suna ɓacewa ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Maidei."

"Na ci naman Chena."

Ya matse hular a hannunsa.

"Na ci, Garikai. Na suɗe yatsuna. Na ce a ƙaro. Ina ci ina cewa a raina gobe i yanzu an yanka tamu, ashe tamu ce a bakina."

Ya miƙo hannu. "Ki zauna, don Allah."

"Kada ka taɓa ni! Yanzu na ji kana yabon mutanen da. Su rami suka gina da dutse don kada a sace musu saniya. Kai da hannunka ka ja taka ka kai wa wuƙa. Gaya mini ƙarya ne. Ce mini sace ta aka yi, ce mini ciwo ta yi. Ko me ka faɗa zan yarda, ka san ni."

Ya sunkuyar da kai.

"Tete ta zo nan mako uku da suka wuce. Ta ce Baba ya rantse a kan kabarin mahaifinsa, ko shanu goma farare na kawo ba zai yanke zumunci da ɗan Zaki ba. Ta ce na tsare ki shekara uku, ƙawayenki duk sun goya. Sannan ta miƙo mini rigata."

"Wace riga?"

"Wadda na ba ki a gabanta ranar da muka yi alkawari. Ta ce ke kika ce a mayar mini."

Maidei ta dafe ƙirji. Rigar nan a akwatin Tete take, can al'ada ta ce a ajiye shaidar alkawari. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ashe shi ma yaudararsa aka yi.

"Ƙarya take! Na rantse da Allah ban aiko ta ba. Garikai, dube ni, ban aiko ta ba!"

"Na sani."

"Ka ce me?"

"Na sani tun a ranar. Da ke ce, da kanki za ki hawo dutsen nan ki jefa mini ita a fuska. Ba kya aike."

Ta tsaya tana kallonsa, bakinta a buɗe. Da ya bar ta da zaton an ruɗe shi ne, da ta yafe kafin ya rufe baki. Amma Garikai bai iya ƙarya ba. Abin da ya sa ta so shi ke nan, yau kuma da shi ya yanka ta.

"Ka sani, kuma ka karɓa."

"Na gaji, Maidei." Muryarsa ta karye. "Kullum gobe, kullum Tete na kan magana. In na je Mutare Baba ya ce mini ɗana, ya sa ki kawo mini ruwa a matsayin ƙanwata. Mahaifiyata ta ce in na auri jinina ba da yardar manya ba, 'ya'yanmu ba za su rayu ba. Kullum sai ta faɗa, safe da yamma. Na fara mafarkin ƙananan kaburbura."

"Ni ban gaji ba? Ni da nake kwana gida ɗaya da mutumin da ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwata? Ka gaji, ba sai ka faɗa mini ba? Sai ka kashe waya kamar ɓarawon akuya?"

"Na kasa."

"Ka kasa magana, amma ka iya jan igiya."

Hawaye suka zubo masa. Namiji tsaye ƙato, yana share fuska da hula. Zuciyarta ta so ta karye, ta hana ta.

"To tunda ba kai ba ne, manzon wa zai durƙusa gaban Baba yau?"

"Na Panganai."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ashe. Shi ya sa ake ta yi mana hidima kamar 'yan majalisa. Bari ya zo, zai koma da kunyarsa. Wane mara aikin yi ne ya yarda ya ɗauko wannan saƙon?"

Ya juya yana kallon cikin ramin.

"Da kai nake. Wa ye munyai ɗin?"

Ya ci gaba da kallon ramin.

"Garikai?"

"Tun ina shekara tara nake cin tuwon gidan nan," ya ce a hankali. "Da mahaifina ya rasu, Baba Chirimuta ne ya ba mu ɗakin da mahaifiyata ke ciki har yau. Bai taɓa roƙona komai ba. Ya kira ni ya ce Zaki ne kaɗai zai buɗe ƙofar Zaki, in na je ba za a kore ni ba. Shi bai san da maganarmu ba. Ta yaya zan dubi idonsa in ce a'a?"

Ta zauna daɓas a kan katangar, ta ɗora hannu a ka, kukan da take ta dannewa ya ƙwace. Ta yi mai isarta, shi yana tsaye kamar an dasa shi.

Da ta tsagaita ta share fuska da gefen zani, ta miƙe.

"Saurare ni da kyau. Da azahar za a zauna. In ka shigo, ka ajiye akushin neman aurensu ka faɗi gaskiya a gaban kowa. Ni kuma in tashi in bi ka da kayan jikina. Ba mu ne farkon waɗanda suka gudu aka shirya daga baya ba. Ɗaki ɗaya nake da shi a gidan malamai, zai ɗauke mu har da mahaifiyarka. Saniya kuwa, Allah bai daina halittar farare ba."

"Maidei..."

"Kada ka amsa yanzu. A can nake son ji."

Ta juya ta kama hanyar tudu. A ranta ta riga ta gama magana: mutumin da ya yi kukan nan bakinsa ba zai iya ba.

* * *

Ta tarar da Tete a ɗaki tana goge sabon zani, tana 'yar waƙar coci.

"Ina kika shiga? Dubi ƙafarki kamar wadda ta yi noma. Maza ki yi wanka."

"Tete, ina rigar Garikai?"

Dutsen guga ya tsaya. Tete ta ajiye shi a tsaye, ta gyara ɗaurin ƙirji, ko gezau.

"To, kin ji ke nan. Ya rage mini aiki."

"Na kwanta a cinyarki na yi kuka. Abin da ban gaya wa uwar da ta haife ni ba, ke na gaya wa. Shekara uku kina ce mini saura kaɗan. Kin taɓa yi wa Baba maganar ma kuwa?"

"Sau ɗaya. Ya ce in na sake, in daina taka gidansa. Kina so in rasa gidan ubana saboda mai nuna wa baƙi duwatsu?"

"Sai ki faɗa mini!"

"In faɗa miki ki gudu? Na san kan da ke wuyanki, irin nawa ne." Ta nuna ƙirjinta. "Ni nan da kike gani na jira wani shekara bakwai, gida an ce a'a, ni na ce sai shi. Ya tafi Joni, babban birnin nan na ƙetaren iyaka, neman kuɗin shanun sadaki, har yau yana nema. Dube ni, ina goge wa 'ya'yan wasu zanin biki. Wannan kike so?"

"Don ke an ci amanarki, sai ki ci tawa?"

"Ki kira shi abin da kika ga dama. Panganai ba ya sha, ba ya duka, ga gida ga abin yi. Nan da shekara biyar kina goye da na biyu za ki zo ki durƙusa ki gode mini."

"Me ya sa sai Garikai? Duk mazan Nyanga an rasa manzo?"

Tete ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba.

"Ni na ba Chirimuta shawarar. Ina so ya durƙusa gaban dangi ya kira ki ƙanwarsa da bakinsa, kunnuwa arba'in su ji. Daga ranar ko daga sama aka sauko da farar saniya, magana ta mutu. Ciwon da za a yanke gara a yanke shi lokaci ɗaya."

Maidei ta dube ta sama da ƙasa. Wannan matar ce ta koya mata ɗaurin zani, ita ta raka ta makarantar kwana tana kuka. Yau ta ji ta tsane ta, tsana ta gaske, har abin ya ba ta tsoro.

"Ba zai iya ba," ta ce. "Ba ki san shi ba."

"Za mu gani. Ruwan wankanki na hucewa."

* * *

Da azahar aka kwashe teburan babban ɗakin ciyawa aka shimfiɗa tabarmi. Baba da ƙannensa maza a kan kujeru, mata a ƙasa sun miƙe ƙafa. Baba Chirimuta da Panganai da mutanensu suna waje ƙarƙashin bishiya, don masu nema ba sa shiga sai an amsa. Ta taga ana jin ihun yaran baƙi a kan lilo.

Aka zaunar da Maidei tsakanin 'yan uwanta mata biyu, aka lulluɓe su ukun da mayafai iri ɗaya. Ta saƙar mayafin take hangen ƙofa.

Tafi ta fara ji, irin na maza, a hankali, tafin hannu a ɗan lanƙwashe. Sai ga shi ya shigo ba takalmi, a durƙushe, yana ja da gwiwa, akushin katako a gabansa da kuɗin buɗe baki a ciki. Ya sa kwat ɗin da ta saya masa bara.

"Shumba, muna gaisuwa. Masu gida, muna neman iso."

"Iso ya samu, Shumba," in ji Baba, baki har kunne. "Me ke tafe da kai?"

"An aiko ni. Gidan Chirimuta na neman wadda za ta tuƙa musu tuwo."

Ya dai faɗa. Maidei ta cije leɓe. Ba komai, ta ce a ranta, wannan buɗe taro ne, yana jiran lokaci.

Wani ƙanen Baba mai son raha ya ce, "Mu fa 'yan mata gare mu da yawa, duk sun iya tuwo. Ga uku nan. Nuna mana wadda aka aiko ka, in ka kuskure akwai tara."

Aka yi dariya. Garikai bai ko ɗaga kai ba. Ƙafafunsu ya duba, ya nuna ta tsakiya, mai sabon yankan ciyawa a ƙauri.

"Wace ce ita? Faɗi sunanta, kada gobe a ce an yi musanye," in ji Tete.

Garikai ya dubi akushin da ke gabansa.

"Maidei ce." Ya sake cewa, "Ƙanwata Maidei."

"Kun dai ji!" Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Kun ji da bakin ɗana. Ai na faɗa, jini ba ya ɓata. Allah ya yi maka albarka, Shumba."

Tete ta yaye mata mayafi, ta tura akushin gabanta.

"To 'yata, kin san mutanen da suka aiko? In kin san su, ki sa hannu ki ɗauka, mu san da yardarki muke zaune."

Maidei ba ta dubi akushin ba. Ta gyara durƙuso, ta yi wa Baba tafin mata, hannu a gicciye. Idonta a bushe yake ƙamas.

"Baba, ina da magana."

"Faɗi."

"Yanzu na ji an ce wannan yayana ne. Ni ba ni da wa namiji, yau Allah ya ba ni. To ina aka taɓa aurar da yarinya ba a ji bakin yayanta ba?"

Ƙannen Baba suka dubi juna, suka gyaɗa kai. Gaskiya ce, ba mai iya musawa. Tete ta zaro ido tana yi mata alama, Maidei ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ya ajiye saƙon mutane na minti ɗaya, ya yi magana a matsayinsa na ɗan gida. Ya san ni, ya san abin da ke raina fiye da duk wanda ke ɗakin nan. Na rantse a gaban iyayena, abin da ya ce shi zan yi. In ya ce kada in ɗauka, ko za a yanka ni ba zan ɗauka ba. In ya ce in ɗauka, zan ɗauka."

Ta juya ta fuskance shi.

"Yaya, dube ni. In ɗauka?"

Mamarta ta toshe baki da zani, don ta gane abin da 'yarta ta ɗora a kan tabarmar nan.

Garikai ya ɗago. Idanunsa sun yi jajir. Ta buɗe masa ƙofa iya faɗinta, ko gaskiyar ma ba sai ya faɗa ba, kalma ɗaya ta ishe shi. Ta ga leɓensa na motsi, ta ga ya kusa. Sai ya waiga ta ƙofa. Can bayan masu nema, wata tsohuwa ce zaune a kan dutse da sanda a hannu, ta kafe ɗakin da ido. Mahaifiyarsa.

Ya mai da kansa ƙasa.

"Ki ɗauka."

"Ban ji ba."

"Ki ɗauka, ƙanwata. Mutanen kirki ne."

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta, ta ji shi sarai. Ba kuka ne ya zo ba, kukan ta bar shi a kufai. Ta yi rantsuwa a kan mutumin da ta ɗauka ta sani, kuma 'yar Nyakudya ba ta haɗiye rantsuwa. Ta miƙa hannu cikin akushin, ta ɗauki takardar kuɗi ɗaya, ta ɗora a cinyar Tete.

Guɗar Tete ce ta fara tashi, sauran mata suka kama. A waje aka ji mutanen Chirimuta sun kaure da murna.

Guɗa ta lafa. Saura abu ɗaya a rufe zama: munyai ya yi tafin godiya a madadin waɗanda suka aiko shi, sannan kowa ya bi. Duk ido ya koma kan Garikai.

Hannayensa na kan gwiwa. Ya ɗaga su, suka tsaya a iska, sun ƙi haɗuwa. Baba ya yi gyaran murya. Ƙanen Baba ya ce, "A'a, manzo, ko daɗi ne ya yi maka yawa?"

Maidei ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa. Ta yi magana a hankali, amma har na bakin ƙofa sai da suka ji.

"Tafa mana, Yaya. Kai ake jira."